Ku Tambaya Mu Amsa: Littattafan Dandamali da Soyayya Mai Sauƙi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk wuri guda suka dosa: littattafan da suka shafi wasan kwaikwayo, labaran soyayya marasa nauyi, da kuma littattafan da ake saurare maimakon karantawa. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Ina son ƙagaggen labari wanda ya gudana a gidan wasan kwaikwayo, da 'yar soyayya a ciki, wanda zai ƙare lafiya. An ce in karanta Hamnet tunda a kan Shakespeare yake, sai ga shi na ƙare da kuka. Me zan karanta? Rukayya

Malama Rukayya, wanda ya ba ki Hamnet bai saurari tambayarki da kyau ba. Littafin Maggie O'Farrell ne na 2020, kuma gwanin littafi ne, amma kan mutuwar ɗa da baƙin cikin uwa aka gina shi. Dandamali ma sai can wajen ƙarshe yake fitowa. Haka nan idan aka miƙo miki Station Eleven ko If We Were Villains, ki ajiye su sai wata rana. Dukansu akwai 'yan wasa a ciki, amma na farko annoba ce ta share duniya, na biyu kuma kisa ne a tsakanin ɗalibai.

Ki fara da Eva Ibbotson. An fi saninta da littattafan yara, amma ta rubuta labaran soyayya na manya guda biyar, kuma wanda ya fi dacewa da ke shi ne Magic Flutes na 1982. A wasu ƙasashe an sake buga shi da sunan The Reluctant Heiress, don haka ki lura kada ki sayi abu ɗaya sau biyu. Labarin a birnin Biyana yake, cikin 1922. Tessa 'yar sarauta ce da daular gidansu ta rushe bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ta ɓoye asalinta ta kama aiki a sashen tufafin wani kamfanin wasan waƙa wanda kullum bashi ya yi masa katutu. Wani attajiri Bature ɗan Ingila, wanda aka tsince shi yana jariri, shi ne ya sayi fadar gidansu don ya burge wata daban. Sauran kin riga kin hango shi, kuma ba laifi ba ne, domin a irin wannan labari ba inda za a sauka ake jira ba, yadda za a kai can ne daɗin. Abin da ya sa muka sa shi a gaba shi ne marubuciyar ta san bayan labule: masu ɗinki, masu jan kaya, mawaƙiyar da ta ƙi fita, darakta mai alƙawarin albashin da ba ya zuwa. Tana da wani kuma, A Company of Swans na 1985, inda 'yar wani farfesan Kambirij ta gudu daga gida cikin 1912 ta bi ayarin masu rawar bale zuwa Manaus a Birazil. Shi ma yana ƙarewa lafiya, sai dai ya ɗan fi na farko shiga sha'anin manya.

Na biyu zai ba ki mamaki, don littafin binciken kisa ne: Opening Night na Ngaio Marsh, 1951, wanda a Amurka aka sa wa suna Night at the Vulcan. Kada kisan ya tsorata ki. Fiye da rabin littafin labarin wata budurwa ce, Martyn Tarne, da ta iso Landan daga Niyu Zilan, aka sace mata kuɗi, ta yi ta yawon neman aikin wasa har dare ya riske ta a wani gidan wasa, aka ɗauke ta mai sa wa babbar 'yar wasa kaya. Ɗan sandan ma bai shigo ba sai da aka yi nisa. Marsh da kanta darakta ce ta wasannin Shakespeare a ƙasarsu, shi ya sa in ta kwatanta gwajin ƙarshe na sanye da kaya, ko tsoron da ke kama mutum kafin a ɗaga labule, za ki ji kamar kina tsaye a gefen dandamalin. Soyayyar kaɗan ce, kuma cikin kamun kai.

Idan na zamani kike so, akwai Act Like It na Lucy Parker, 2015. Richard Troy gwanin ɗan wasa ne a Landan amma bakinsa da halinsa sun sa jama'a sun tsane shi, har tikiti ya fara kwantai. Sai masu gidan wasan suka shirya a riƙa ganinsa da abokiyar aikinsa Lainie Graham kamar masoya, don farin jininta ya wanke shi. Ƙarfin littafin a cacar bakin da ke tsakaninsu yake, mai kaifi da ban dariya. Amma mu faɗa miki tun yanzu: akwai shiga ɗaki a ciki, ko da yake ba shi ne ya cika littafin ba. In wannan ba ya cikin abin da kike so, ki tsallake shi da sauran jerin nasa.

Mai dogon numfashi kuma ya nemi The Good Companions na J. B. Priestley, 1929. Mutum uku ne da ba su san juna ba, kowa ya bar gida da nasa dalili, suka haɗu da wani ayarin 'yan wasa da manajansu ya gudu da kuɗi. Ya haura shafi 600, kuma sai an yi tafiya mai nisa kafin su gamu da ayarin. Nan ne yawancin masu karatu ke sarewa. Wanda ya daure ya wuce wurin ba ya nadama.

Biyu kuma muna ambatonsu da sharaɗi. Theatre na Somerset Maugham, 1937, yana da ban dariya kuma ba mu san littafin da ya fi shi tona zuciyar 'yar wasa ba, amma labarin matar aure ce da ta faɗa son wani yaro matashi, kuma darasin da ta ɗauka a ƙarshe ba na soyayya ba ne. Tom Lake na Ann Patchett, 2023, uwa ce ke ba 'ya'yanta mata uku labarin wani bazara da ta yi wasa a Mishigan tare da wani da ya zama shahararren tauraro daga baya. A natse yake, da daɗin bi, amma akwai rashi da nadama a ciki. Meryl Streep ce ta karanta na sauraronsa, sa'a 11 da 'yan kai. In za ki ɗauke shi, ki fara karanta Our Town na Thornton Wilder, wasan 1938 da labarin ya jingina da shi. Gajere ne, zama ɗaya ya ishe shi, kuma ba tare da shi ba rabin abin da uwar ke nufi zai wuce ki.

'Yata tana da shekara 15, tana son labaran soyayya da na 'yan wasa. Yaya zan gane littafin da ya dace da ita kafin in saya, tunda ba ni da lokacin karance shi duka? Mahaifin Nana

Malam, abu na farko: kada ka yarda da bango. A 'yan shekarun nan masu buga littattafai sun koma zanen katun mai launi a bangon littattafan soyayya na manya, har da waɗanda ke bayyana komai filla-filla. Iyaye da yawa sun ga zane sun ɗauka na yara ne.

Ka duba shafin da ke bayan sunan littafi, inda ake rubuta shekarar bugu, wani lokaci har da rukunin da aka sa shi, na matasa ne ko na manya. Sannan ka rubuta sunan littafin a intanet tare da kalmomin closed door ko clean romance, waɗanda masu sharhi ke amfani da su ga labarin da ba ya bin masoya cikin ɗaki, ka karanta sharhi uku ko huɗu. Ka fi mai da hankali kan sharhin waɗanda littafin bai burge su ba, su ne ke faɗin abin da ya dame su dalla-dalla. Samfurin da ake bayarwa kyauta ba zai taimake ka ba a nan, domin babin farko ne kawai, kuma ba a can abin yake ba. Idan littafin yana hannunka, ka buɗe daga tsakiya zuwa kashi uku cikin huɗu, ka bi ƙarshen babi-babi da ido. Minti goma ya isa.

Waɗanda za ka iya miƙa mata ba tare da wannan binciken ba: The Swish of the Curtain na Pamela Brown, 1941, labarin yara bakwai da suka mai da wani tsohon ɗakin ibada da aka yi watsi da shi gidan wasansu. Marubuciyar tana 'yar shekara 14 ta fara rubuta shi, abin da kan ƙara wa yarinya kamar taka ƙwarin gwiwa. Sai Ballet Shoes na Noel Streatfeild, 1936, in ba ta ga ya yi mata ƙanƙanta ba. A ɓangaren soyayya kuwa Jane Austen da Georgette Heyer. Daga Heyer ka fara mata da Cotillion na 1953 ko Frederica na 1965. The Grand Sophy ya fi suna, amma akwai babi guda da aka zana wani Bayahude mai ba da rance da mummunan zane na wariya, gara ku tattauna shi in ta kai wurin. Mansfield Park na Austen, 1814, ya haɗa abu biyun da take so, domin cikinsa matasan gida sun shirya wasa a bayan idon maigida, kowa na fakewa da rawar da aka ba shi yana faɗin abin da ke ransa, har maigidan ya dawo daga tafiya ba zato. Sai dai tafiyarsa a hankali take, kada ya zama na farkonta.

Na sauke wani wasan Shakespeare na sauraro, amma cikin minti goma na kasa gane wane ne ke magana. Laifina ne ko na wasan? Sadiƙu

Malam Sadiƙu, ba naka ba ne, kuma ba na Shakespeare ba ne. Ɗan kallo yana da fuska da tufafi da tsayuwar kowa a dandamali suna gaya masa wane ne wane. Kai an ɗauke maka duk wannan an bar ka da murya, dole ka mayar da abin da aka ɗauke ta wata hanya.

Kafin ka kunna, ka nemo rubutaccen wasan. Na Shakespeare da tsofaffin wasanni da yawa suna shafin intanet na Project Gutenberg kyauta. Ka kwafe sunayen 'yan wasan a takarda, ka ja layi tsakaninsu: wannan 'yar wancan ce, wannan yana son waccan, wannan bara ne. Ka karanta taƙaitaccen labarin har ƙarshe, kada ka ji tsoron za a ɓata maka, su ma 'yan kallon zamanin da galibi sun san labarin kafin su zo. Sannan ka saurari kashi na farko da rubutun a gabanka, kana bi da ido. A nan ne kunnenka zai ɗaura kowace murya da sunanta. Daga kashi na biyu kana iya rufe littafin. Kuma kada ka ƙara saurin sautin. Labari na zube yana jure a ɗan hanzarta shi, wasa ba ya jurewa, domin dariyar tana cikin ɗan shirun da ke tsakanin magana da amsarta, in ka matse shi ta mutu.

Ɗaukar sautin ma iri-iri ce. LibriVox, wanda aka kafa a 2005, 'yan sa-kai ne ke karanta littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta. A wasanninsu akwai mai karanta bayanin fitowa, wato wane ya shigo, wane ya fita, wanda ke taimakon sabon shiga sosai. Matsalarsu ita ce kowa a gidansa yake ɗaukar nasa layukan a haɗa daga baya, sai ka ji ɗaya kusa ɗaya nesa, kuma amsa ba ta faɗowa a kan gaɓa. Arkangel kuwa sun ɗauki wasannin Shakespeare 38 da ƙwararrun 'yan wasa, ba a rage komai ba, amma ba mai gaya maka wanda ya shigo. L.A. Theatre Works suna ɗaukar da yawa daga wasanninsu a gaban 'yan kallo, kuma dariyar jama'a tana nuna maka inda barkwancin yake ko da Turancin ya ɗan sha maka kai. Akwai kuma wasannin rediyon BBC, waɗanda akan gyara rubutun don kunne, a sa wani ya ambaci sunan wanda ya shigo.

Zaɓin wasan shi ne rabin aikin. Tunda mai sauƙi kake nema, ka fara da The Importance of Being Earnest na Oscar Wilde, 1895: mutum tara kacal, kashi uku, kuma kusan komai a baki yake faruwa. Maza biyu ne kowa ya ari suna ɗaya na ƙarya, 'yan mata biyu kuma kowace ta rantse sai mai wannan sunan za ta aura. Bayansa Arms and the Man na Bernard Shaw, 1894, inda sojan da ya gudo daga fagen fama ya faɗa ɗakin wata budurwa, aljihunsa ba harsashi sai cakulan. In ka koma Shakespeare, Much Ado About Nothing ne ya fi dacewa da kunne, domin dabarar wasan kanta ta saurare ce: abokai sun shirya Benedick da Beatrice, waɗanda ba sa ga maciji da juna, kowa ya laɓe ya ji ana cewa ɗayan na mutuwar sonsa.

Waɗanda za ka bari sai ka ga ana yin su: Twelfth Night, saboda tagwaye da mace cikin kayan maza, abin ido ne. Noises Off na Michael Frayn, 1982, wasa ne a kan 'yan wasa, kuma da wuya a sami abin da ya fi shi ban dariya, amma kashinsa na biyu a bayan dandamali yake, kusan duka da hannu da ido ake yin sa ba magana. The Lion and the Jewel na Wole Soyinka ma haka, zancen Sidi da Lakunle da Baroka yana da daɗin ji, amma raye-rayen kwaikwayo da ke ɗauke da wani sashe na labarin ba sa shiga kunne, sai ka karanta bayaninsu a rubuce.

Ni malamar makaranta ce, an ɗora mini kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ban taɓa koyon aikin ba. Waɗanne littattafai zan nema, kuma na sauraro za su yi? Malama Hadiza

Malama, a wannan fannin ki nemi na takarda. Littafin koyon aiki ana tsayawa a kansa, a ja layi, a gwada abin da ya ce, a dawo. Wanda kike saurare kina wani aiki zai wuce ya bar ki da jin kin fahimta alhali ba ki iya maimaita ko motsa jiki ɗaya ba.

Kowa zai ce miki Stanislavski, daraktan wasa ɗan Rasha, kuma da gaskiyarsu, shi da abokinsa suka kafa gidan wasan Mosko a 1898, kuma daga wurinsa yawancin koyarwar zamani ta samo tushe. Amma akwai tarko. An Actor Prepares, wanda ya fito da Turanci a 1936, rabin koyarwar ce kawai, ɓangaren abin da ke cikin zuciyar ɗan wasa. Ɗaya rabin, na murya da jiki da tafiya, wato Building a Character, bai fito ba sai 1949, bayan mutuwarsa. Wannan tazarar ta sa mutane da yawa suka ɗauka wasa shi ne ka tono baƙin cikinka ka yi kuka na gaske. Sakamakon da ake gani a ƙungiyoyin makaranta shi ne yaro yana ji a ransa sosai, amma na layi na biyar ba ya jin abin da yake faɗi. Fassarar Jean Benedetti ta 2008, An Actor's Work, ta haɗa ɓangarorin biyu a littafi ɗaya. Ita za ki nema. Kuma dabarar nan ta tuno wani ciwo na rayuwa don a fito da hawaye, kada ki gwada ta a kan ɗalibai. Ba ki san abin da za ki tono ba, kuma ba ki da hanyar mayar da shi.

Amma ba da shi za ki fara ba. Ranar farko abin da kike buƙata shi ne abin da yara ashirin za su yi a tsaye. Wannan yana cikin Improvisation for the Theater na Viola Spolin, 1963, da Games for Actors and Non-Actors na Augusto Boal ɗan Birazil. Dukansu wasanni ne gajeru da aka bayyana mataki-mataki. Ki zaɓi uku a kowane zama, minti goma-goma, kafin a taɓa rubutu. Daga Impro na Keith Johnstone, 1979, ki karanta babin da ya yi a kan matsayi, yadda mutum ke ɗaga kansa ko ƙasƙantar da shi da kallo da tsayuwa da tsawon shiru. Babi ɗaya ne, amma yana gyara fitowar da ta yi lami fiye da kowace nasiha. Respect for Acting na Uta Hagen, 1973, zai ba ki tambayoyin da kowane ɗan wasa zai amsa kafin ya hau: ni wane ne, ina nake, wane lokaci ne, me nake so, me ya tare ni, me zan yi in samu. Ki sa kowa ya rubuta amsarsa a bayan rubutunsa. Yaron da ya tsaya yana rera layuka kamar hadda, galibi tambayar me nake so ce bai amsa ba. The Empty Space na Peter Brook, 1968, ba zai koya miki yin komai ba, amma siriri ne, kuma zai cire miki damuwar rashin fitilu da labule.

Don karatun zube a da'ira, kowa da nasa layi, wasannin Hausa sun fi saurin sakin bakin yara, irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Ki riƙe agogo a karatun farko, ki ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda shiga da fita da canjin kaya, shi ne tsawon wasan a dandamali. Wani abu kuma da ake mantawa: sayen littafin wasa bai ba ki izinin nuna shi ga jama'a ba. In marubucin yana raye ko bai daɗe da rasuwa ba, ana neman izini daga mai bugawa ko wakilinsa. A ƙasashe da yawa haƙƙin yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, shi ya sa Wilde, wanda ya rasu a 1900, ba shi da wannan matsalar. Fassara kuwa tana da nata haƙƙin daban ko da asalin ya tsufa.

Na sauraro ɗaya da za mu ba ki shi ne Shakespeare: The Man Who Pays the Rent, 2023, hirar 'yar wasan Ingila Judi Dench da Brendan O'Hea a kan matan wasannin Shakespeare da ta fito a matsayinsu tsawon rayuwarta. Tunda hira ce tun asali, kunne ya fi dacewa da ita.

Littattafan sauraro suna cinye mini wuri a waya, babi-babi suna hargitsewa, kuma in barci ya ɗauke ni sai in rasa inda na tsaya. Ummi

Ƙanwata Ummi, lissafin wurin mai sauƙi ne. Sautin da aka matse a 64 kbps, wato ma'aunin nauyin sauti a kowace daƙiƙa, yana cin kusan megabait 29 a kowace sa'a, wato littafin sa'a 10 bai kai megabait 300 ba. A 128 kbps ninki biyu ne. Ga muryar mutum ɗaya yana karatu, kunnenki ba zai ji bambanci ba, don haka ki zaɓi ƙaramin in an ba ki zaɓi. Babban ki bar wa wasan da ke da kiɗa da muryoyi da yawa.

Hargitsewar babi daga sunan fayil take. Waya tana jera 1, 10, 11, 12 kafin ta zo 2. Ki sake musu suna 01, 02, 03, ki zuba kowane littafi a jakarsa shi kaɗai. Kuma ki daina kunna su da manhajar kiɗa, wadda ba ta riƙe wuri kuma tana iya cakuɗa su da waƙoƙi. Manhajar da aka yi don littattafai, irin Smart AudioBook Player a wayoyin Android, tana tuna inda kika tsaya a kowane littafi. In kin sami fayil nau'in M4B ya fi, domin guda ɗaya ne da babi-babinsa a ciki. Na barci kuma, ki saita agogon kashewa a minti 15 ko ƙarshen babi, da safe ki koma baya minti biyar.

Na saurari wani littafin Georgette Heyer da muryar Richard Armitage, ya yi daɗi, amma ƙawata ta ambaci wasu abubuwa a labarin da ban ji su ba. Bilkisu

Malama Bilkisu, taƙaitacce kika saurara. Littattafan Heyer uku da ya karanta wa kamfanin Naxos, wato Sylvester da Venetia da The Convenient Marriage, duk an rage su. Ana gane wannan tun kafin a saya. Ki nemi kalmar unabridged a bayanin littafin, ita ce shaidar cikakke ne. In ba a rubuta ba, ki yi lissafi: mai karatu yana cin kalma wajen 9,000 a sa'a, don haka littafi mai kalma 100,000 zai kai sa'a 11. In kika ga an sa sa'a 5, an zubar da rabi. Abin da ake fara yankewa kuwa shi ne ƙananan mutane, gwaggo mai surutu da ƙane mai rigima da bara mai gatse, alhali a wurin Heyer su ne ke ɗauke da yawancin dariyar.

A labarin soyayya mai sauƙi, mai karatu yana iya gyara littafi ko ya kashe shi, don haka ki saurari samfurin kafin ki biya, kuma ki kai inda ake zance tsakanin mutum biyu. Ki lura da abu biyu: yadda namiji ke yin muryar mace ko mace ta namiji, in ya koma tsiwa ko ƙara ta dole ba za ki jure sa'a goma ba, da kuma ko kina gane mai magana ba tare da an ce wane ya ce ba. Ga Austen, karatun Juliet Stevenson na Naxos akwai cikakke akwai taƙaitacce, sai ki duba tsawon kafin ki zaɓa. Pride and Prejudice da Rosamund Pike ta karanta wa Audible cikakke ne, sa'a 11 da rabi da 'yan mintoci.